Sensar tankin unguwarmu ta fara hauka, LoRa zan koma ko in ci gaba da layin waya?

Ɗan Kurna: Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana ku agaza min kafin kaina ya fashe. A unguwarmu muna da bohol mai sola da tanki biyu a sama, shi muke sha mu da 'yan garuwa, to bara da damina aka yi ta amai da gudawa a layinmu sai ƙungiya ta ce tunda ni na karanci ilektironik in haɗa wani abu da zai riƙa auna ruwan yana turo mana a waya. Na haɗa 'yar ƙaramar kwamfuta ESP32 da sensa huɗu, ta pH mai auna tsami ko kanwar ruwa, ta dagulewar ruwa, ta TDS da ta zafi, na sa SIM800L, abin da ake sa wa layin waya, yana tura sakamako duk minti 15. Sati biyun farko lafiya lau har a masallaci ana sa min albarka. Yanzu kuwa pH yau ya ce 5 gobe ya ce 9 alhali ruwa ga shi nan garau, batir kuma baya kai asuba. Ga unguwanni uku na maƙwabta sun ce suma a sa musu. In ci gaba da layin waya ne ko in koma LoRa, rediyon nan mai kai ɗan saƙo nesa ba tare da layin waya ba?

Admin: Wa alaikumus salam. Injiniya da Anti Lab bismillah, wannan naku ne

Injiniya: Ƙanena sannu da ƙoƙari. Maganar batir mai sauƙi ce, SIM800L maciyin wuta ne, lokacin da yake neman sabis yana iya figar har amfiya 2 a ɗan ƙiftawar ido, in wurin sabis ɗin baya da ƙarfi haka zai ta nema yana shanye maka batir. Ka sa masa babban kafasita kusa da ƙafarsa, ka riƙa kashe shi gaba ɗaya in ya gama turawa, shi kuma ESP32 ka kwantar da shi barci mai nauyi, a nan abin da yake ci bai taka kara ya karya ba. Kuma me ya kai ka turawa duk minti 15? Ka auna duk minti 15 ɗin, ka tara, ka tura sau ɗaya a awa, sai in lamba ta tsallake iyaka ya tura nan take.

Ɗan Kurna: Wlh ban kwantar da shi barci ba Injiniya, idonsa biyu yake kwana

Injiniya: Ka ga dalili kenan hhh. Maganar LoRa kuma, in wuri huɗu ne kuma duk cikin kilomita biyu zuwa uku, eh tana da ma'ana. Kowane tanki ka sa masa ƙaramin rediyo, ka samu wuri mai tsawo ɗaya, saman tanki ko hasumiyar masallaci in liman ya yarda, ka kafa uwar tashar da zata riƙa karɓar saƙonsu a can, ita kaɗai ce zata buƙaci intanet. Layi ɗaya kenan maimakon huɗu, ba kullum ana tuna wa wani ya sa data ba. LoRa saƙo ɗan mitsitsi take ɗauka, in ka sa ta a mafi nisan zangonta bayit 51 ne iyaka, amma kai me zaka tura? Lamba huɗu da ƙarfin batir, ko bayit 12 bai cika ba. A fili kamar ƙauye tana yin kilomita 10 ko fiye in eriya ta yi sama, cikin gari da kwano da bene sai ta ragu sosai. In zaka saya ka duba mai mitar megahaz 868 ne, shi ake amfani da shi nan ɓangarenmu kamar Turai, kar a liƙa maka 915 na Amurka.

Ɗaliba: Injiniya a makaranta mu Zigbee aka koya mana in ana maganar sensa marasa waya, ita fa?

Injiniya: Zigbee tana da kyau ƙanwata amma gajeren zango ce, mita 10 zuwa 100, ƙarfinta shine kowace na'ura tana miƙa wa ta gaba saƙo hannu da hannu kamar masu kashe gobara da bokiti. Cikin matatar ruwa ɗaya ko gonar kifi mai fon da yawa kusa da juna ta yi. Daga unguwa zuwa unguwa kuwa na'ura nawa zaki jera a hanya, kuma wa zai yi gadinsu? Sannan masu miƙa saƙon basa barci, matsalar batir ta sake dawowa sabuwa.

Anti Lab: Ni fa na zauna ina karantawa ina ta jira wani ya yi tambayar da ta dace. Ɗan Kurna ƙanena, amai da gudawa ka ce ya sa aka ce ka haɗa abin nan ko? To cikin sensa huɗun nan wacce ce take ganin ƙwayar kwalara?

Ɗan Kurna: Anti ai na ɗauka in TDS ya yi ƙasa ruwa mai kyau ne, haka na ga masu ruwan leda suna yi

Anti Lab: Wannan ita ce maganar da ta fi ci min rai a aikin nan. TDS gishirin da ya narke cikin ruwa kawai yake ƙiyastawa, shi ma ba kai tsaye ba, yadda ruwan ke wuce da wutar lantarki yake aunawa sai ya lissafa. Amfaninsa ya gaya maka ruwa na da zartsi ko babu. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ce kar ya wuce miligiram 500 a lita, to ka ɗebo ruwa mai 80 ka ɗiga masa ɗigo ɗaya daga masai, wlh mitarka 80 zata ci gaba da nunawa, yaro ya sha ya kwana asibiti. Ƙwayar cuta sai an ɗauki ruwan an kai ɗakin gwaji an rene ta awa 18 zuwa 24, E. coli muke nema, ƙwayar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, kuma ƙa'ida ita ce kada a samu ko ɗaya cikin mililita 100. Babu sensar kasuwa mai araha da zata yi maka wannan ko mai shago ya rantse da Alƙur'ani.

Mai Tarwada: Tofa, Anti ta zo da zafinta

Anti Lab: Ba zafi bane Alhaji, tsoro nake ji. Da can mutanen unguwar suna tafasa wa jarirai ruwa, yanzu an ce musu akwai kwamfuta a tanki tana gadi, ka san abin da zai biyo baya

Ɗan Kurna: Gaskiya Anti kin sa jikina ya yi sanyi, don kuwa akwai wadda ta faɗa min haka da bakinta, wai yanzu hankalinta ya kwanta

Kawu Mai Ritaya: Yaro bari in sa baki, shekara 31 na yi a harkar ruwan famfo kafin in ajiye. Ku yaran yanzu komai sai kun sa masa eriya. Ni tambayata bohol ɗin naku taku nawa ne tsakaninsa da sokawe mafi kusa? An yi masa daɓen siminti a wuya ko ruwan kwata na komawa ta gindin fayif? Tankin na da murfi? Yaushe rabon a wanke shi? Jarkokin 'yan garuwa fa, ka taɓa leƙa cikinsu da tocila? Sau da yawa ruwa daga ƙasa lafiyarsa lau yake fitowa, tsakanin famfo da randa yake lalacewa, mai moɗa ya tsoma hannu, yaro ya tsoma kofi. Kuɗin na'urar nan da kun sayi kulorin da shi ya ishe ku damina biyu.

Injiniya: Kawu ranka ya daɗe ba a musu da kai a nan, amma kar mu kashe wa yaro gwiwa. Ko kun zuba kulorin ɗin, wa zai tabbatar kullum akwai shi a ruwan? Ai nan ne sensa take da aiki

Kawu Mai Ritaya: Da ƙwayar DPD muke yi ɗana, ka jefa a ɗan kwalba ruwa ya yi ja-ja ka gwada da katin launi, minti biyu an gama, ba batir ba sabis

Injiniya: Ranar da mai jefawar ya tafi biki Zariya fa Kawu? Ko ya zauna a ɗaki ya cike littafi da lambar jiya?

Kawu Mai Ritaya: Hmm. Wannan kam na gani da idona ba sau ɗaya ba, ba zan yi ƙarya ba

Yaya Na Kanada: Maganar cike littafi ta tuna min abin da ya faru a jihar da nake zaune, Ontariyo. Wani ƙaramin gari ne Walkerton, mutanensa basu fi 5,000 ba, a watan Mayu 2000 aka tafka ruwan sama ya wanke kashin shanu daga wata gona ya shiga ɗaya daga cikin rijiyoyin garin. Mutum 7 suka mutu, wajen 2,300 suka kwanta. Da aka kafa kwamitin bincike sai aka gano masu kula da ruwan sun daɗe suna rubuta lambar kulorin a littafi ba tare da sun auna ba, kuma rahoton ya ce da akwai na'urar da ke auna kulorin da dagulewar ruwa ba tsayawa a rijiyar nan da an kauce wa abin, don ƙazantar da ta shigo ta cinye kulorin ɗin kuma na'ura zata nuna faɗuwarsa. To kun ga ba ƙwayar cutar na'urar zata gani ba kamar yadda Anti ta ce, garkuwar zata ga ta faɗi.

Anti Lab: Yauwa Yaya, a nan ni da kai mun haɗu. In ƙungiyar zata fara sa kulorin to sensa ta samu abin gadi. Abin da ake so a bakin famfo shine miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, kuma kulorin baya aiki sosai in pH ya haura 8 ko ruwa ya dagule, shi ya sa sensarka ta pH da ta dagulewa suke da amfani, amma a matsayin 'yan rakiya. Dagulewa ƙa'idarmu kar ta wuce NTU 5, in son samu ne ƙasa da 1. Ruwan bohol da kullum yake garau in ka ga ya dagule bayan ruwan sama, to ruwan saman ƙasa na shiga ta wani wuri, ranar a rufe famfo a kawo mana samfuri.

Ɗan Kurna: To sensar kulorin fa Anti, na duba kuɗinta na rufe shafin da sauri

Anti Lab: Tana da tsada kuma tana son ruwa yana gudana a kanta daidai wa daida. Talaka ORP yake sawa, ba kulorin take aunawa kai tsaye ba, ƙarfin ruwan na kashe ƙwayoyi take nunawa da milibolt, ana yawan kafa iyaka wajen 650. In ta faɗo ƙasa sai a aika mutum da ƙwayar DPD ɗin Kawu ya tabbatar.

Kawu Mai Ritaya: Ashe dai ba a rabu da mu ba

Bazamfare: Ku gahwarce ni in kawo tawa. Ku da kuke maganar layin waya, mu nan mun ga abin da baku gani ba. Satumba 2021 anka kashe sabis na jahar Zamfara baki ɗai saboda matsalar tsaro, makonni babu kira babu saƙo, wasu wurare har watanni, kuma shekarar ce kwalara ta yi ɓarna ƙasar ga, sama da mutum dubu ɗari anka yi zargin sun kamu, sama da 3,000 sunka rasu. To da an sa irin na'urar Ɗan Kurna ga rijiyoyinmu, lokacin da aka fi bukatarta shi ne lokacin da za ta zama kurma. Ni shawarata duk abin da za ka haɗa ka sa mai hitila ja da kore nan jikin tanki, da ƙararrawa in ta samu, wanda duk ya zo ɗibar ruwa ya gani da idonai ba sai intanet ba.

Injiniya: Wannan shawara ta fi duk wadda na bayar. Kuma LoRa bata dogara da kamfanin waya ba, ko babu intanet saƙo zai iso uwar tasha, in ka ɗora manhajar ChirpStack mai karɓar saƙon LoRa a ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi a gidan sakataren ƙungiya komai a nan zai tsaya. Ka ƙara katin memori a kowace na'ura tana ajiyewa.

Bazamfare: Sai dai eriya bisa hasumiya wurinmu wata hitina ce, a ce kana ba wasu rahoto, sai an shaida ma mai gari da jami'ai tukun. Na biyu, maganar dalma. 2010 yara sama da 400 munka rasa, Dareta, Yargalma, Bagega da sauransu, wajen Anka da Bukkuyum. Akwai sensa da ka ganin dalma cikin ruwa?

Anti Lab: Allah ya jiƙansu. Wadda zaka tsoma ka tafi ka barta, a kuɗin da muke magana, babu. Iyakar dalma maikirogiram 10 ne a lita, ƙanƙantarsa ta wuce abin da pH ko TDS zasu ji, sai babban injin ɗakin gwaji. Kuma ka fi ni sani, na wajenku mafi yawa ta ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa cikin gida ya shiga jikin yaran, suna rarrafe suna kai hannu baki, ko da an tsare rijiya ƙasar tsakar gida ce sai da aka kwashe.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya, mu ma muna da namu tabon nan Tibiri kusa da Maraɗi. Cikin shekarun 1980 anka gina foraj mai zurfi, ruwa fari tas babu wari babu ɗanɗano, mutane suna murna sun huta da rijiya. Shekaru na tafiya sai ga yara ɗaruruwa haƙora sun yi ja, ƙafafu sun lanƙwashe, wasu kai ya girma. Ashe fulorayid ne ya yi yawa cikin ruwan, ya wuce miligiram 1.5 ga lita da hukumar lafiya ta duniya ta aza nesa ba kusa ba. Sama da shekara goma ana sha kafin a gane. Da na ji ana maganar sensa sai na ce ko da irinta ta cece su?

Anti Lab: Malam abin baƙin cikin shine Tibiri ko sensa bata buƙata. Fulorayid daga dutsen ƙasa yake, baya canzawa yau da gobe, gwaji ɗaya ranar da aka haƙa da wani duk shekara ya isa ya tona shi. Ni haka nake raba abin: duk abin da yake juyawa cikin awa ɗaya, kulorin, dagulewa, iskar oksijin, matsin ruwa a fayif, wannan aikin sensa ne don mutum ba zai kwana a tsaye ba. Wanda yake zaune shekara da shekaru, fulorayid, dalma, asanik, naitiret, wannan namu ne.

Ɗan Maraɗi: Na gode ƙwarai Hajiya, na fahimta

Mai Tarwada: To ni bari in kare na'ura tunda kun taru mata. Ina kiwon kifi, tarwada da karfasa. Shekara biyu da suka wuce na tashi da asuba na tarar da karfasa fon guda sun juya ciki sama, ranar ko karyawa ban yi ba. Oksijin ne ya ƙare cikin dare, da rana gansakukar ruwan tana bada iska, da dare ita da kifin duk shaƙa suke, wajen ƙarfe 4 zuwa 5 na asuba abin yake kaiwa ƙasa. Tarwada tana ɗagowa ta shaƙi ta sama ta tsira, karfasa bata da wannan gatan. Yanzu na sa sensa, in oksijin ya sauko ƙasa da miligiram 4 a lita wayata ta yi ƙara kuma injin busa iska ya tashi da kansa. Tun daga nan ban sake asara irin waccan ba. Amma fa duk ranar Juma'a yarona yana ciro ta ya wanke da tsohon buroshin haƙori, in aka tsallake sati biyu sai ta yi kore shar ta fara ƙarya.

Injiniya: Ɗan Kurna ka ji ko? Yaushe rabonka da ka hau ka ciro naka?

Ɗan Kurna: Tun ranar da na sa wlh, sati bakwai kenan. Tsanin tankin ne abin tsoro

Mai Tarwada: Hhhh to ai ga haukan nan

Anti Lab: Kuma tankin yana ƙarewa ko?

Ɗan Kurna: Kullum kafin la'asar ya ƙare, sai washegari rana ta ɗaga ya fara cika

Anti Lab: Innalillahi, to kullum kan gilashin sensar pH a bushe yake kwana cikin zafin tanki, alhali abin nan ba a barinsa ya bushe, shi ya sa yake zuwa da ɗan murfi mai ruwan gishirin KCl. Ko an lallaɓa ta shekara ɗaya zuwa biyu take yi, balle haka. Sannan saiti, kana da ruwan saiti na pH 4 da 7 da 10? Aƙalla duk wata a tsoma ta a ga ko tana faɗin gaskiya.

Ɗan Kurna: Garin da ya zo cikin kwalin na yi amfani da shi ranar farko na zubar

Injiniya: Akwai wani abu kuma da nake zargi, tsallen 5 zuwa 9 ya yi yawa a ce datti ne kawai. Sensar TDS wuta take sakawa cikin ruwa don ta auna, ita kuma ta pH 'yar ƙaramar wuta take saurare, wajen milibolt 59 kowane mataki ɗaya, in suna ruwa ɗaya kuma wutarsu daga tushe ɗaya to ɗaya tana yi wa ɗaya ihu a kunne. Ka gwada cire ta TDS ka gani. In hakane ko ka sa abin raba wuta tsakaninsu ko ka riƙa kunna su bi da bi. Ga kuma inbatar famfon sola, ita ma tana zuba hayaniya. Sannan ma'aunin wutar da ke cikin ESP32 ba mai gaskiya bane, ka sa masa na waje irin ADS1115. Kuma ka sauko da sensocin ƙasa, ka yi musu ɗan gida da fayif mai lanƙwasa a kan layin da ke zuwa famfo yadda ko tanki ya ƙare ruwa zai saura a ciki, ka huta da tsani, mai wankewa ma ya huta.

Ɗaliba: Injiniya ita sensar zafin meye amfaninta tunda ba shayi ake dafawa ba

Injiniya: Lambar TDS tana hawa wajen kashi 2 cikin ɗari duk digiri ɗaya, tankin roba baƙi a watan Afrilu tsakanin asuba da azahar ki lissafa bambancin. In ba a gyara da zafi ba sai ki ɗauka gishiri ke ƙaruwa da rana. Zafin nan kuma shi ke kashe batir, lityum baya son caji sama da digiri 45, akwatin ƙarfe a rana ya wuce haka, a sa a inuwa. Da hunturu kuma ƙura ta rufe fanel ɗin sola, mai wanke sensa ya haɗa da shi.

Kawu Mai Ritaya: Ni in da za a tambaye ni inda irin abin nan zai yi amfani na gaske, ba tankin unguwa bane, kogi ne. Ku dubi Challawa da Sharaɗa da Bompai, kamfanonin jima suna amfani da gishiri da kuromiyom, an daɗe ana kukan ruwan da ke fitowa daga can, na Bompai ta rafin Getsi ya haɗe da na Jakara ya tafi dam ɗin Wasai, a hanya ana ban ruwan latas da alayyafo da shi. Mai duba ruwa yana zuwa da rana ranar aiki, in mutum zai saki ƙazanta ai ba zai saka a gabansa ba. Da za a jera na'ura sama da ƙasan kowace magudana da an san awa nawa ne kuma daga ina.

Anti Lab: A nan kam TDS ɗin da na zaga zai yi rana Kawu, don ruwan jima gishiri ne fal, yana shigowa lamba zata yi tsalle, ba zata ce kuromiyom bane amma zata ce a zo a ɗiba yanzu

Yaya Na Kanada: Ingila ma hanyar da suka bi kenan, dokar muhalli ta 2021 ta wajabta wa kamfanonin ruwa su riƙa auna kogi ba tsayawa sama da ƙasan inda suke sakin ruwan ƙazanta

Mai Tarwada: Can ba a kwance fanel da dare Yaya, nan kwana uku ya yi yawa ka ganshi a kasuwa

Bazamfare: Kuma in ta yi ƙara wa za ya tashi? Mu nan an sha kawo kaya a ɗauki hoto a tahi

Yaya Na Kanada: Wannan tambayar akwai waɗanda suka amsa ta a Kenya. Masu bincike daga jami'ar Oxford sun sa 'yar na'ura cikin hannun famfon tuƙa-tuƙa a yankin Kyuso, ba ingancin ruwa take aunawa ba, motsin hannun kawai take ƙirgawa ta tura ta saƙon tes, in famfo ya yi shiru an san ya lalace. Gyaran da yake ɗaukar kusan wata ya dawo ƙasa da kwana 3. Amma ba saƙon ne ya gyara ba, sun ajiye makanike da babur da kayan gyara, ana biyansa, daga baya abin ya zama kamfanin FundiFix da jama'a ke biyan kuɗin wata.

Kawu Mai Ritaya: To Ɗan Kurna a ƙungiyar taku wa ke da makullin famfo? In fitila ta yi ja ranar Juma'a da safe 'yan garuwa ashirin na layi, wa zai iya cewa a rufe ba a fasa masa kai ba? Ku zauna da mai unguwa a rubuta, kafin ka sayi ko eriya ɗaya.

Ɗan Kurna: Makulli na hannun mai gadi Kawu, shi kuma da jarka ake biyansa, in an rufe shi ya yi asara

Kawu Mai Ritaya: Ka ga aiki

Admin: Ɗan Kurna ka je ka gwada abin da aka faɗa ka dawo mana da labari, masu tallan data kuma dan Allah ba nan bane, na goge biyu

Ɗan Kurna: Salam, na dawo. Jiya na yi ta maza na hau. Sensar dagulewa ta yi kore kamar an shafa mata miyar kuka, murfin tanki ɗaya kuma ashe a tsage yake rana na shiga, har da gashin tsuntsu na gani a ciki. Na cire wayar TDS kamar yadda Injiniya ya ce, nan take pH ya daina tsalle, amma ya tsaya a 8.9 ko a ruwan leda na tsoma shi haka yake cewa, ina jin gilashin ya mutu. Na faɗa wa shugaba a sanar a masallaci cewa na'urar bata ganin ƙwayar cuta a ci gaba da tafasa na yara, bai ji daɗi ba amma ya yarda. Maƙwabta na ce su dakata sai bayan damina. Asabar za a wanke tanki a canza murfi.

Anti Lab: Madalla. Kafin ku wanke ka ɗibo min samfuri uku, ɗaya daga bakin bohol kafin tanki, ɗaya daga famfo, ɗaya daga jarkar mai ruwa, kar ka zuba a gorar lemo, zan baka kwalaben da aka kashe wa ƙwayoyi, ka sa su cikin kula mai ƙanƙara su iso cikin awa 6

Injiniya: Ina da rediyon LoRa biyu na 868 a durowa ba abin da nake da su, ka zo ka karɓa ka gwada zango daga tankinku zuwa na maƙwabta, ko ba sensa ka tura lamba kawai ka ga inda take yankewa

Ɗan Kurna: Na gode Allah ya saka. Anti kwalaben a ina zan same ki, kuma jarkar wa zan ɗiba, don in suka ji gwaji ne kowa sabuwa zai miƙo min

Kawu Mai Ritaya: Ka saya kamar kowa a ƙofar gidanku, kar ka ce komai